Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya 'Ya'yanmu Domin Shiga Jami'a

Wannan shi ne jawabin da wani dattijonmu, tsohon malamin sakandare, ya gabatar a taron iyaye da dattawa na gunduma. Mun buga shi domin amfanin ikkilisiyoyin da ba su sami aiko da wakilai ba.

  Na san waɗansunku sun bar aikin gona, waɗansu sun rufe shago domin su zo, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

An ba ni in yi magana a kan abin da yaro yake fuskanta sa'ad da ya gama sakandare zai shiga jami'a, ta wajen kuɗi da kuma ta wajen karatu. Bari in fara da wani abin da ya faru a kan idona.

A shekarun baya ina da wani ɗalibi, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Shi ne yake zuwa na ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida. Ya ci jarrabawa, ya sami gurbin karatun injiniya. Ranar Lahadi aka kira shi gaba aka yi godiya, mata suka yi ta guɗa. Daga nan kowa ya koma gidansa. Ubansa ya shiga neman kuɗi, ya sayar da sa, ya yi rance, amma kuɗin bai haɗu ba sai da aka yi mako shida da fara karatu. Da yaron ya isa, ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika. Ya raɓa a ɗakin wani yana kwana a ƙasa. An riga an yi gwaji a darussa biyu ba ya nan. In ya zo hutu muna ce masa “injiniya”, shi kuwa sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Bayan shekara biyu jami'a ta sallame shi. Ya yi watanni a birni yana dako kafin iyayensa su sani. Da na same shi na ce, “Ɗana, me ya hana ka faɗa mana?” Sai ya ce, “Malam, ba wanda ya tambaye ni.”

Ni ma ina cikin waɗanda ba su tambaye shi ba. Shi ya sa na karɓi wannan gayyata. Abin da nake so mu tafi da shi gida shi ne wannan: samun gurbi ba shi ne ƙarshen aiki ba, kuma shirin shiga jami'a ba ya farawa ranar da takardar ɗauka ta fito. Yana farawa shekara uku kafin wannan rana.

MATAKAN DA YARO ZAI HAU

Da yawa cikinmu ba mu yi karatun jami'a ba, ba kuwa abin kunya ba ne. Amma ya kamata kowane uba da kowace uwa su san matakan, domin kada a yi musu rufa-rufa.

Mataki na farko shi ne sakamakon sakandare, na WAEC ko na NECO. Jami'a tana neman kiredit biyar a darussan da suka shafi abin da yaro zai karanta, har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauci a kan Lissafi ga masu karatun fannin adabi, amma ga kimiyya, fasaha da ilimin zamantakewa Lissafi dole ne. Shawarata ita ce kada yaro ya yi wasa da Turanci da Lissafi ko me zai karanta. Ku lura kuma, tun a aji huɗu, wato SS1, ake raba yara zuwa kimiyya, adabi ko kasuwanci. Yaron da bai yi Kemistiri da Fiziks ba, ba zai wayi gari a aji shida ya ce zai zama likita ba. Mai son aikin lauya kuma yana bukatar Adabin Turanci. A nan ne yara da yawa suke ɓata hanya, tun suna shekara goma sha huɗu, ba wanda ya zauna da su.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darussa huɗu ne, tambayoyi 180, cikin awa biyu, maki 400. Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Ku yi tunanin yaron ƙauyenmu da bai taɓa sa hannu a kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Ko ya san amsa, fargaba za ta cinye masa lokaci. A 2025 yara sama da miliyan 1.9 suka zauna wannan jarrabawa, kuma sama da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 ba. A wannan shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Mai neman likitanci, lauya, haɗa magunguna ko injiniya yana bukatar abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, gama masu nema sun fi guraben yawa.

Mataki na uku shi ne tantancewar da ita jami'ar take yi da kanta. Na huɗu kuma, dole gurbin ya fito ta na'urar JAMB, yaro ya karɓe shi a can. Duk wanda ya zo ya ce ku kawo kuɗi zai samar wa ɗanku gurbi ta bayan gida, ku guje shi. Gurbin da JAMB ba ta san da shi ba zai iya hana yaro tafiya hidimar ƙasa bayan ya sha wahalar shekara huɗu.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, suna. Yaranmu sukan zama da sunan gida, da sunan baftisma, da sunan uba, da na kaka, ranar haihuwa kuma sau da yawa kintata ake yi. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. In sunan da ke kan NIN ya saɓa da na WAEC, ko ranar haihuwa ta bambanta, gyaran yana cin kuɗi da watanni. Ku tsayar da suna ɗaya, da jeri ɗaya, da rana ɗaya, tun yaro yana aji huɗu. Na biyu, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi. Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara, Sakkwato da Kebbi duk suna cikin waɗannan. Wannan rabo namu ne kamar yadda yake na kowane ɗan jiha, amma sai da takarda ake cin moriyarsa. Ku nemi takardar da wuri. In an sami jinkiri, dattawa su raka iyaye wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, cikin ladabi da naciya.

MAGANAR KUƊI

Za ku ji ana cewa ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'in gwamnatin tarayya. A takarda haka ne. Amma akwai kuɗin rajista, na ɗakin karatu, na asibiti, na ɗakin gwaje-gwaje, na jarrabawa, na katin shaida. A shekarar 2023 jami'o'in tarayya da yawa, har da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, suka ƙara waɗannan kuɗaɗe, a fannoni da yawa abin ya haura N100,000 a shekara. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 N70,000 ne a wata. Ku auna da kanku, balle manomin da ba shi da albashi.

Kuskuren da muke yi shi ne, kuɗin rajista kaɗai muke lissafawa. Ku ɗauki takarda ku rubuta sauran. Tun kafin yaro ya shiga akwai kuɗin WAEC da NECO, da na JAMB wanda a 2025 ya haura N7,000, da kuɗin mota da kwana in an tura shi jarrabawa wani gari. Bayan ya shiga akwai kuɗin karɓar gurbi a jami'o'in da suke neman sa, da wurin kwana. Ɗakunan makaranta ba sa isa, haya a waje kuma ta shekara ake biya gaba ɗaya. Akwai katifa, bokiti, risho ko tukunyar gas, littattafai da buga takardu. Akwai waya mai shiga intanet da kuɗin data, gama a can ake rajistar darussa, a can ake duba sakamako, a can ake sanar da canjin lokacin lacca. Mafi girma duka kuwa shi ne abinci, kullum, har wata tara a shekara. Yaro mai jin yunwa ba ya fahimtar karatu.

Sa'an nan ku ninka wannan sau huɗu. In injiniya ne, ko lauya, ko aikin gona, sau biyar. In likita ne, sau shida. Ku kuma bar wuri domin abin da ba a shirya ba. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki kusan wata tara, a 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Makaranta tana rufe, amma mai gidan haya bai daina ƙirga kwanakinsa ba.

Mu manoma muna da wata matsala ta daban. Kuɗinmu da kaka yake zuwa, makaranta kuwa ba ta san kaka ba. Rajistar JAMB takan zo a farkon shekara, kuɗin jami'a kuma yakan faɗo a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana neman taki. Wanda bai ware buhunan makaranta tun a masussuka ba, shi ne zai sayar da sa a rabin kuɗinsa, ko ya ci bashi da ruwa.

Akwai taimako ɗaya da ya kamata ku sani. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, wanda ake kira NELFUND, domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ba ruwa a kansa. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma ba ɗalibin da ya nema N20,000 a wata. Ana fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Amma ku riƙe abu biyu. Bashi ne, ba kyauta ba. Kuma sai yaro ya sami gurbi, sunansa ya shiga jerin ɗaliban makarantar, kafin ya nema, amincewa ma tana ɗaukar lokaci. Saboda haka kuɗin shigar farko yana wuyanmu. Jihohi ma suna da hukumomin tallafin karatu. Ku sa yara su cika takardun, ko da abin da za a bayar kaɗan ne.

NAUYIN KARATU

Yanzu bari in juya ga yaran, iyaye kuma ku saurara. A sakandare akwai ƙararrawa, akwai bulala, malami ya san sunanka, ya rubuta a allo ka kwafa. A jami'a, musamman a shekarar farko, za ka zauna cikin ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗaki. Malami zai yi magana da Turanci awa biyu ya ɗauki jakarsa ya fita. Ba zai tambaya ko ka gane ba. In ba ka zo ba, ba mai zuwa nemanka. Abin da aka koyar cikin shekara guda a sakandare, a can cikin 'yan makonni ake gama shi. Wanda ya saba zuwa na ɗaya a ƙauyensu zai tarar da na ɗaya ɗari a aji guda.

Ga yadda ake auna su. Maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, daraja 3. Haka abin yake sauka har zuwa faɗuwa, wadda ba ta da daraja ko ɗaya. Kashi 30 ko 40 na makin daga gwaje-gwajen cikin zango yake fitowa, shi ya sa wanda ya makara zuwa makaranta ya fara da asara. Ana tara waɗannan darajoji tun daga zangon farko har na ƙarshe a fitar da matsakaici. Mai 4.50 zuwa sama shi ne ya fita da daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu ce, wadda ma'aikatu da yawa suke nema. Ku duba wannan lissafi: yaron da ya gama shekarar farko da 2.0, a karatun shekara huɗu, sai ya riƙa cin kimanin 4.0, wato B a kowane darasi, shekara uku a jere, kafin ya kai 3.50. Shekarar farko, wadda yara suke ɗauka ta hutawa ce da ganin gari, ita ce take ɗaure sauran. Darasin da aka faɗi kuma yana bin ɗalibi zuwa shekara ta gaba. In matsakaicin ya yi ƙasa ƙwarai a ba shi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi.

A nan dole in faɗi wata magana mai ɗaci. Akwai iyaye a cikinmu da suke biyan kuɗi a kai yaro makarantar da ake ba da amsa ranar jarrabawa. Muna kiran wannan taimako. Ba taimako ba ne, sata ce, kuma yaron muka fara yi wa. Takardar da aka saya za ta buɗe masa ƙofa, amma ba za ta zauna masa jarrabawar zangon farko ba. Gara yaro ya faɗi ya sake zama da guminsa, da ya shiga da A tara a takarda, kai kuwa fanko.

Kada kuma mu tilasta wa yaro fanni domin a kira mu baban likita. Mu dubi inda ƙarfinsa yake. Jami'a ma ba ita kaɗai ce hanya ba. Akwai kwalejin ilimi, akwai kwalejin fasaha, akwai makarantun jinya da ungozoma. Akwai shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda yake ba wanda ya ci damar shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Mai takardar NCE ko difloma ma yana iya bin wannan hanya daga baya. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA ZA MU YI

'Yan'uwa, mu ba mu da yawa, kuma ba mu da manya a manyan ofisoshi da za su ɗaga mana waya. Kowane yaron da ya faɗi a hanya, asararmu ce duka. Ina roƙon dattawa su duba waɗannan shawarwari biyar.

1. Kowace ikkilisiya ta naɗa mutum biyu ko uku, malamai ko waɗanda suka yi karatu, su riƙe littafi mai sunayen yaranmu daga aji huɗu zuwa sama: darussan da kowa yake yi, abin da yake so ya karanta, da ko takardunsa sun daidaita.

2. A kafa rumbun makaranta. In gidaje 40 suka kawo tiya biyar-biyar da kaka, an sami tiya 200, kusan buhu biyar ke nan. A ajiye, a sayar sa'ad da farashi ya tashi, ko a riƙa aika wa ɗalibai tsaba. Masu albashi su kawo nasu a kuɗi. A sa mutum uku a kan asusun, a karanta lissafi a gaban jama'a, domin kada abin alheri ya zama sanadin tsegumi.

3. Ɗalibanmu da ke jami'a, in kun zo hutu, ku ba ƙannenku kwana biyu a mako. Ku koya musu Turanci da Lissafi, ku zaunar da su gaban kwamfuta ko da guda ɗaya ce aka aro. Ku faɗa musu gaskiyar abin da kuka tarar.

4. Kada mu saki yaro a tasha mu juya. A haɗa shi da wani amintaccen gida ko wani babban ɗalibi a garin da zai je. A ƙarshen kowane zango kuma, wani ya zauna da shi ya ga sakamakonsa da ido, ba domin faɗa ba, domin a gano matsala tun tana ƙarama.

5. Mu kula da 'ya'yanmu mata. In kuɗi ya gaza, yarinya ake fara cewa ta haƙura. Wadda aka tura kuma ba guzuri, mun san irin jarabar da muka jefa ta ciki. Iyayenmu na Zumunta, wannan aikin naku ne: ku san kowace yarinyarmu da ke makaranta, ku san abin da take ci.

Ku kuma yara, in abu ya yi tsanani ku buɗe baki. Faɗuwa darasi ɗaya ba mutuwa ba ce, ɓoyewa ce take kashewa. Kuɗin da aka aiko muku gumin iyayenku ne, kun ga yadda ake samun sa.

Ɗalibin nan nawa, bayan shekaru, ya koma kwalejin ilimi, yau malami ne yana koyar da Lissafi. Na gode wa Allah dominsa. Amma shekarun da ya yi asara da san da ubansa ya sayar ba su dawo ba, alhali tambaya ɗaya a kan kari da ta isa. Akwai yara a aji huɗu yanzu a kowace ikkilisiyar da aka wakilta a nan. Kafin mu sake haɗuwa, ina roƙo kowane dattijo ya san sunayensu.

Allah ya ba mu hikima, ya albarkaci 'ya'yanmu, ya kai kowa gidansa lafiya.